Darasi na Tara: Neman Aikin Rubutun Fasaha, daga Takardar CV zuwa Ranar Intabiyu

Duk wanda ya taɓa sayen maganin zazzaɓi ya san 'yar takardar nan da ake ninkewa a cikin kwali, wadda ke faɗin ƙwaya nawa babba zai sha, nawa yaro zai sha, da wanda bai kamata ya sha ba sam. Wanda ya sayi sabon janareto ya ga littafin da ke bayanin irin man da za a zuba da lokacin da za a juye baƙin mai. Wani mutum ne ya zauna ya rubuta waɗannan, kuma biyansa aka yi, ko da yake sunansa ba ya fitowa a ko'ina. Shi ake kira marubucin fasaha. Aikinsa shi ne ya karɓi ilimi daga wanda ya sani, injiniya ne ko likita ko mai haɗa manhaja, ya miƙa shi ga mai bukata ta yadda zai yi aiki da shi ba sai ya nemi mai yi masa ƙarin bayani ba.

Sana'ar ta daɗe a ƙasar Hausa. Hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954, zamanin Yaƙi da Jahilci, ta buga ƙananan littattafai masu koyar da manya kiwon lafiya da noma da sana'a. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello har yau tana shirya wa manoma takardun faɗakarwa. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne masu neman marubutan sun yawaita. Kamfanonin hada-hadar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave da Interswitch suna da shafukan bayani ga masu haɗa manhaja, kuma dole wani ya rubuta su ya riƙa sabunta su. Masu yin magani ba sa samun rajistar NAFDAC sai da bayanin da ke tafiya da maganin. Bankuna da asibitoci da masana'antu da ƙungiyoyin agaji duk suna bukatar rubutattun ƙa'idojin aiki. Wasu kamfanonin waje kuma suna ɗaukar mutum yana zaune a Kano ko Maraɗi, ya yi musu aiki ta intanet.

Akwai abu guda da ya raba neman wannan aiki da neman sauran ayyuka, kuma a kansa darasin nan ya ginu. Direba in ya kai takardarsa ta CV, labarin tuƙinsa ya kai, sai an ba shi mota a ga zahiri. Marubucin fasaha kuwa, takardar da ya miƙa ita kanta aikin ce. Edita da ya karɓe ta yana duba ko wannan mutumin ya san mai karatunsa, ko ya iya sa muhimmin abu a gaba, ko yana lura da ƙananan kurakurai. Telan da ya zo neman ɗinki sanye da rigar da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba sai an tambaye shi shekara nawa ya yi a kan keke ba. Haka imel ɗinka, haka amsoshinka a ranar intabiyu: kowanne samfuri ne, ko ka nufa ko ba ka nufa ba.

Fara da karanta tallar aikin

Kafin ka taɓa takardarka, karanta tallar aikin sau biyu da biro a hannu. Ja layi a ƙarƙashin abu uku: irin rubutun da suke so, waɗanda za su karanta shi, da kayan aikin da suka ambata. Kamfanin da ke neman mai rubuta wa masu haɗa manhaja bayanin API, wato hanyar da manhaja ɗaya ke karɓar saƙo daga wata, ba mutum ɗaya yake nema da ƙungiyar da ke son littafin horar da ma'aikatan lafiya na karkara ba. Takarda ɗaya da ake watsa wa wuri hamsin ba ta cika dacewa da ko ɗaya ba. Gara ka nemi wuri biyar, ka gyara wa kowanne tasa.

Bi umarnin tallar kamar yadda aka rubuta shi. In sun ce a aiko da samfuri biyu, biyu za ka aika. In sun ce a rubuta lambar aikin a kan saƙon imel, rubuta ta. Mutumin da bai bi umarni ba yana neman a ɗauke shi ya riƙa rubuta wa wasu umarni, kuma masu tantancewa suna lura da haka.

Takardar CV

Da harshen da aka yi tallar za ka rubuta ta, Turanci a Najeriya da Gana, Faransanci a yawancin wurare a Nijar da Cadi. Misalan da ke nan da Hausa suke domin ka kama dabarar, sai ka mayar.

Kada ta wuce shafi biyu. Wanda bai daɗe da fara aiki ba, shafi ɗaya ya ishe shi. An saba ganin takarda mai shafi biyar da ta fara daga makarantar firamare, ta bi ta kan kowane taron bita da mai ita ya halarta, ta ƙare da cewa yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye. Mai irin wannan takarda ya nuna bai iya zaɓe ba, alhali rabin wannan sana'a zaɓe ne: me za a bari, me za a cire.

A sama, sunanka, garin da kake, lambar waya, imel, da adireshin intanet inda za a ga samfuran rubutunka. Imel ɗin ya zama mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ban da laƙabin da abokai suka sa maka. Sai layi biyu ko uku da ke faɗin irin marubucin da kake. Guji kalmomin da kowa ke yi wa kansa kirari da su, irin su haziƙi, mai himma, mai aiki tuƙuru. Faɗi abin da za a iya bincikawa: “Ma'aikaciyar jinya ta shekara shida, mai rubuta ƙa'idojin aiki da takardun horarwa da Turanci da Hausa.” Wanda ya karanta wannan ya san da wa yake magana.

Batun jiha da ƙaramar hukuma da addini da shekarun haihuwa da aure da hoto ya danganta da inda za ka kai takardar. Aikin gwamnatin tarayya a Najeriya yana tafiya da tsarin raba daidai tsakanin jihohi, don haka za a nemi jiharka har da takardar shaidar asali. Kamfanin Amurka kuwa dokar ƙasarsu ta 1964 ta hana shi nuna bambanci saboda launin fata ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, wata dokar ta 1967 kuma ta kare masu shekara 40 zuwa sama, shi ya sa ba sa son ganin waɗannan bayanai tun farko. In ba a tambaya ba, kada ka sa.

Sashen ayyukan da ka yi shi ne zuciyar takardar. Fara da na baya-bayan nan. A ƙarƙashin kowanne kada ka kwafo jerin nauyin da aka ɗora wa ofishin, ka faɗi abin da hannunka ya fitar. Dubi waɗannan layuka biyu game da mutum ɗaya:

“Ina da alhakin kula da takardun sashe.”

“Na rubuta jagora mai shafi 12 kan amfani da na'urar POS ga sababbin wakilai, na gwada ta da mutum biyar kafin a buga, yanzu da ita ake horar da duk wanda aka ɗauka.”

Na biyun ya faɗi abin da aka rubuta, wa aka rubuta wa, yadda aka tabbatar yana aiki, da abin da ya biyo baya. In kana da adadi na gaskiya, sa shi. In ba ka da shi, kada ka ƙirƙira, domin tambaya ɗaya a intabiyu ta isa ta tona.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan darasi za su ce ai ba su taɓa yin aikin ba. Ku sake dubawa. Malamin kimiyya da ya rubuta wa ɗalibai matakan gwaji a ɗakin gwaje-gwaje ya yi rubutun fasaha. Ma'aikaciyar asibitin da ta liƙa takarda a jikin firjin rigakafi, tana tuna wa abokan aiki cewa sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, da abin da za a yi in wuta ta ɗauke, ita ma ta yi. Haka mai yi wa ƙasa hidima da ya bar wa magajinsa bayanin yadda ake shigar da sakamakon jarrabawa a kwamfuta, haka mai gyaran sola da ke rubuta wa kwastoma yadda zai kula da batir. Irin waɗannan mutane suna da abin da mai digirin Turanci zalla ba shi da shi, wato sun san fannin daga ciki. Su fito da wannan a fili.

Wajen kayan aiki, rubuta abin da za ka iya nunawa a gaban mutane kawai. Kowa na cewa ya iya Microsoft Word, amma kaɗan ne suka iya amfani da tsararrun kanun batu har jadawalin abin da ke ciki ya fito da kansa, ko bin sawun gyare-gyaren edita. Koyi waɗannan. In wajen kamfanonin manhaja ka nufa, koyi Markdown, hanyar tsara rubutu da 'yan alamomi wadda John Gruber ya fitar a 2004, yini ɗaya ya isa a kama ta. Sai Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin kowane canji da aka yi wa fayil. Shi yana ɗaukar lokaci, amma kyauta ne, kuma marubucin da ya iya shi yana aiki kafaɗa da kafaɗa da injiniyoyi a shafin GitHub. Manyan manhajoji masu tsada irin su MadCap Flare da Adobe FrameMaker, in ba ka taɓa aiki da su ba kada ka sa sunansu don ado.

Hausarka ma ƙwarewa ce, musamman ga ƙungiyoyin lafiya da noma da kamfanonin da ke son isa ga mutanen Arewa. Sai dai wanda ya rubuta cewa ya ƙware a rubutun Hausa ya tabbata ya san ƙa'idar rabawa da haɗa kalmomi, kuma yana sa lanƙwasa a ɓ da ɗ da ƙ. Jin harshe daban, iya rubuta shi daban, kuma za a gwada.

Manyan ma'aikatu da yawa suna zuba takardun masu nema a wata manhaja da ke karanta su ta adana, ma'aikaci ya riƙa bincike da kalmomi. Saboda haka tsari mara ado ya fi aminci: shafi mai gudu ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kanun batu sanannu, ba rubutu a cikin hoto. Yi amfani da kalmomin da tallar ta yi amfani da su a inda suka dace da kai da gaske. Aika ta a PDF sai in sun nemi Word, ka sa wa fayil ɗin sunanka. Kafin ka aika, karanta ta da babbar murya, sannan ka ba wani ya karanta. Duba ko duk kwanakin wata salo ɗaya suka bi, ko sunan kamfanin daidai yake, ko adireshin samfuranka yana buɗewa a wayar wani.

Samfuri: inda ake cin nasara ko a faɗi

Gani ya kori ji. Edita mai takarda ɗari a gabansa zai fi yarda da shafi biyu na aikinka fiye da duk takardun shaidar kwas ɗin da ka tara. Samfuri uku masu kyau sun wadatar, kuma ya fi kyau su bambanta: ɗaya matakan yin wani abu, ɗaya bayanin yadda wani abu ke aiki, ɗaya kuma tsohon rubutu mai rikitarwa da ka gyara, a ga yadda yake da yadda ya koma. A saman kowanne sa layi biyu: wa aka rubuta wa, wace matsala ya zo warwarewa, wane ɓangare ne naka in aikin haɗin gwiwa ne.

Kada ka ɗauko takardar cikin gida ta wurin da ka yi aiki ka nuna ba da izini ba. Amana ce, kuma sabon mai ɗaukar aiki da ya gani zai san haka za ka yi da tasa. Rubuta sabo a kan abin da ke hannunka. Ga misali daga abin da kowace uwa ta sani, ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa. Wani zai rubuta:

“Ana iya haɗa wannan ruwa ta hanyar amfani da isasshen ruwa mai tsafta tare da adadin da ya dace na sukari da gishiri.”

Ba ƙarya a ciki, amma uwar da ɗanta ke kwance da tsakar dare ba ta ƙaru da komai ba. Nawa ne isasshe? Marubucin fasaha zai rubuta:

1. Wanke hannu da sabulu.
2. Zuba lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce a kwano mai tsafta.
3. Zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida, a shafe, kada a tula.
Gargaɗi: gishiri in ya yi yawa yana da haɗari ga yaro. Kada a wuce ma'aunin da ke ƙasa.
4. Zuba gishiri rabin ƙaramin cokalin shayi.
5. Gauraya har su narke.
6. Zubar da abin da ya rage bayan awa 24, a haɗa sabo.

Lura da abin da ya faru. Kowane mataki aiki ɗaya ne, kuma da aikatau ya fara. Ma'auni ya maye gurbin “isasshe”. Gargaɗin ya zo kafin matakin da ke da haɗari, domin gargaɗin da ya zo bayan an zuba gishiri ya makara. Marubuci mai lura zai ƙara tambayar kansa ko mai karatun nan tana da abin auna lita a gida, in ba ta da shi da me za ta auna. Wannan tambayar ita ce sana'ar.

Waɗannan dabaru suna da asali. Masana'antar jiragen sama ta Turai ta fitar da wani sauƙaƙƙen Turanci a 1986, wanda yanzu ake kira ASD-STE100, domin makanikan jirgi a ƙasashe da yawa ba da Turanci suka tashi ba, kuma kuskuren fahimta a wurinsu rayuka yake ci. Kalmomin da aka amince da su a ciki kusan 900 ne, kowace da ma'anarta guda, jimlar umarni kuma ba ta wuce kalma 20. Ko ba jirgi za ka rubuta wa ba, ƙa'idar za ta gyara maka hannu. Haka kuma Google da Microsoft kowanne ya sa jagoran salon rubutunsa a intanet kyauta. Zaɓi ɗaya, ka bi shi a samfurinka, ka faɗa a samansa cewa shi ka bi.

Sannan ka gwada. Ba wanda bai san abin ba takardar, ka zauna gefe ka kame bakinka, ka ga inda ya tsaya, inda ya koma baya, inda ya yi abin da ba ka nufa ba. Duk inda ya yi tuntuɓe, rubutun ne ke da gyara. Wannan gwajin zai ba ka labari mafi ƙarfi da za ka bayar a intabiyu.

Wasiƙar neman aiki kuwa sakin layi uku ta isa: aikin da kake nema, dalili ɗaya ko biyu na zahiri da suka sa ka dace, da inda za a ga samfuranka. Bar dogon roƙo da faɗin halin matsin da kake ciki. In ka karanta wani rubutun kamfanin, ambaci abin da ka lura da shi.

Ranar intabiyu

Yawanci mataki-mataki ake yi: gajeriyar hira ta waya da jami'in ɗaukar ma'aikata, jarrabawar rubutu, sannan zama da edita da wani injiniya ko ƙwararren fannin. Kafin ranar, yi amfani da kayan kamfanin da kanka in zai yiwu. Sauke manhajarsu, ka bi bayaninsu mataki-mataki, ka rubuta inda ya yi kyau da inda ka ruɗe. In aka tambayi ra'ayinka, fara da abin da ya yi daidai, sannan ka kawo gyara ɗaya tare da dalilinsa. Mai yiwuwa wanda ya rubuta shi yana zaune a gabanka.

In ta bidiyo ce, ta Zoom ko Google Meet, yi cajin waya da kwamfuta, tanadi data ta layi biyu, nemi ɗaki mara hayaniya, haske ya zo ta gabanka. Tabbatar da agogon wa ake nufi. Najeriya da Nijar suna gaban Landan da awa ɗaya a lokacin hunturunsu, a bazararsu kuma agogo ɗaya ne. New York tana bayanmu da awa shida a hunturu, biyar a bazara. Mutane sun rasa dama saboda wannan lissafin kaɗai.

Akwai tarbiyya biyu masu kyau da muka tashi da su waɗanda ke bukatar lura a wannan zama. Ta farko kunyar yabon kai. An koya mana cewa “mun yi” ya fi “na yi” ladabi, kuma haka ne a zaure. Amma masu tambaya mutum ɗaya za su ɗauka, suna son sanin wane ɓangare hannunka ya yi. Faɗin gaskiyar abin da ka yi ba fahariya ba ce. Ce “mu huɗu ne, ni na yi hira da injiniyoyi na rubuta babi uku”, ka ba kowa haƙƙinsa kai ma ka ɗauki naka. Ta biyu ita ce cewa “to” ga babba ko ba a gane ba. A wannan sana'a wannan ɗabi'a tana kashe aiki. Wasu masu intabiyu da gangan suke yin bayani a dunƙule don su ga ko za ka tsayar da su. Ce, “Ranka ya daɗe, a nan ban gane ba. In mutum ya danna maɓallin sau biyu me zai faru?” Wanda ya yi irin wannan tambaya ya nuna ainihin abin da ake nema.

Tambayoyin da suka fi yawa suna zagaye abu kaɗan ne. Yaya kake rubutu a kan abin da ba ka sani ba? Me za ka yi in ƙwararren da ke da bayanin ba shi da lokacinka? In mutum biyu suka ba ka gyara masu karo da juna fa? Ta yaya ka san rubutunka ya yi amfani? Kowace ka amsa ta da labarin abin da ya faru da gaske, a tsari mai sauƙi: halin da aka shiga, abin da ka yi, abin da ya fito. Minti biyu ya isa. Ga yadda wata mai nema za ta iya amsawa:

“Malama, injiniyan da ya haɗa na'urar ba ya amsa saƙo, kuma ranar Juma'a za a fitar da ita. Ya za ki yi?”

“Yallaɓai, ba zan je masa hannu rabbana in ce ya koya mini komai ba. Zan fara gwada na'urar da kaina, in karanta abin da aka riga aka rubuta, in yi daftari ko da akwai giɓi. Sai in ware tambaya biyar da shi kaɗai zai iya amsawa, in roƙi minti goma sha biyar. Gyara abin da ke rubuce ya fi masa sauƙi a kan bayani daga farko. In Laraba ta yi ban same shi ba, zan sanar da shugabana tun da sauran lokaci, tare da faɗin sassan da ba a tabbatar ba. Ba zan cike giɓi da zato ba.”

Amsar ta nuna girmama lokacin mutane, ta nuna shiri, ta kuma nuna cewa mai ita ba za ta buga abin da ba ta tabbatar ba.

In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ce ba ka sani ba, ka ɗora da yadda za ka gano. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ana yawan tambayar yadda mai nema ke amfani da irin waɗannan manhajoji. Faɗi gaskiya. Suna taimakawa wajen daftari da gyaran jimla, amma suna iya kawo bayanin ƙarya cikin lafazi mai daɗi, ba su taɓa riƙe na'urar a hannu ba, kuma bai halatta a zuba musu sirrin kamfani ba da izini ba. Alhakin kowane layi yana wuyan marubuci.

A jarrabawar rubutu, tambayi wa zai karanta kafin ka fara. In ba wanda zai amsa, rubuta a sama abin da ka ɗauka, misali cewa mai karatun sabon shiga ne kuma da waya yake aiki. Kiyaye lokaci da tsawon da aka ba ka, ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin don bita. Jarrabawar awa biyu ko uku abu ne da aka saba. Wanda ya ce ka rubuta masa cikakken littafin jagora kyauta da sunan gwaji, aiki yake so ba biya, kuma kana da damar ƙi cikin ladabi.

Za a ce ko kana da tambaya. Ka kasance da ita. Su wa ke karanta abin da sashen ke rubutawa, kuma ta ina ƙorafinsu ke isowa? Wa ke duba rubutu kafin ya fita? Ana sa marubuci a aiki tun farkonsa, ko sai an gama a kira shi? Amsar ta ƙarshen nan za ta gaya maka matsayin marubuci a wurin fiye da duk abin da ke cikin talla.

Maganar albashi ka bari su fara tayar da ita, amma ka zo da adadi a ranka bayan ka tambayi masu irin aikin. Bambance jimillar albashi da abin da zai shiga asusunka. A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta sa ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, ga kuma haraji. In aikin daga gida ne, tambayi wa zai ɗauki nauyin data da wuta da kwamfuta, da kuɗin wace ƙasa za a biya ka, ta wace hanya. Kada ka ajiye aikin da ke hannunka sai ka ga takardar ɗauka a rubuce. Duk wanda ya nemi ka biya kuɗin fom ko na horo ko na tantancewa kafin ya ba ka aiki a kamfani, ɗan damfara ne, komai kyan tambarin da ke kan wasiƙarsa.

Washegari aika gajeren saƙon godiya, layi uku ko huɗu, ka ambaci abu ɗaya da kuka tattauna. Shi ma karanta shi sau biyu kafin ka tura.

Aikin gida

Zaɓi abu ɗaya da ka iya yi da hannunka wanda wani a gidanku bai iya ba: canza takardar na'urar POS, tura kuɗi ta lambobin waya, tayar da injin ban ruwa, ko makamancinsu. Rubuta matakansa a shafi ɗaya, da Hausa ko da Turanci. Ba mutumin ya bi ba tare da ka ce uffan ba, ka rubuta duk inda ya tsaya, ka gyara. Daga nan ka rubuta layi ɗaya na CV da ke faɗin abin da ka rubuta, wa ka rubuta wa, da abin da gwajin ya nuna. Ku zo aji na gaba da daftarin farko da na biyu duka, domin za ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya yi wa ɗaya intabiyu a kan abin da ya canza da dalilin canzawar.